Teku Biyu Ne

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Baban Siddiƙa ya yanke magana. Da zarar an ba da dogon hutu, gidan nan kaf za mu Badagiri mu ga teku. Yana wanke hannu bayan cin abinci ya faɗa, kamar mai cewa za a leƙa Sandamu biki. Ni da shi da Siddiƙa da Auta, har da Inna mahaifiyarsa, wadda ko Kano za ta sai an wuni ana shafa mata man zafi a gwiwa. Wai tukwicin Siddiƙa ne na gama sakandare. Tukwici ko ba tukwici ba, kowa ya san yaron nan za a je gani.

Na rubuta "yaron nan" na tsaya ina kallon hannuna. Littafina ne, ba mai buɗe shi, amma hannun ya ƙi. Ɗan fari ne. Mu a garinmu Babban Mutum uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar yadda ya kwana, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Ana yaye shi Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, can tsallaken tsakar gida, a nan ya girma ina hangensa ta labule. Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ubansa ma duk Daura da sunan yaron ake kiransa, ni kaɗai na tsallake na kama Siddiƙa.

Bayan ƙaramar salla ya tafi, wai ya samu aikin gyaran waya a shagon abokinsa a Badagiri. Kwanakin baya ya turo hoto, yana tsaye a kan rairayi, ya rame, ruwa a bayansa ba iyaka. Auta ta gani ta ce ita sai an kai ta. Daga nan maganar ta tashi. Uban ya ce kada wanda ya gaya masa, ba-zata za a yi masa.

Ni da Siddiƙa kaɗai muka san ruwan da ke hoton nan ba na Badagiri ba ne.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi, a makaranta

Yara sun fita hutun tara, bari in rubuta ko ƙirjina zai sauka.

Alhamis ɗin da ta wuce na shiga kicin na tarar da Siddiƙa a tsugune bayan buhun gawayi, waya a kunne, tana kuka ba sauti. Na karɓe wayar. Saƙon murya ne daga wata lamba ta ƙasar waje. Muryarsa ce, iska tana kaɗawa a bayanta. Ya ce bai taɓa taka Badagiri ba. Ta kan iyakar Kongolam ya fita, ya bi Damagaram da Agadas har Libiya. Ya ce gobe in Allah ya yarda za su shiga ruwa a kwalekwalen roba, shi da Mahdi abokinsa ɗan Sandamu, kwana ɗaya ne ko biyu, in sun sauka Turai zai kira. Ya ce ta rantse ba za ta gaya wa Inna ba saboda hawan jininta. Can ƙarshe, kamar wanda ya tuna da wani abu a bakin ƙofa, ya ce, "Ki gaida Adda."

Goben ta zo ta wuce. Bai kira ba.

Yau 'yan aji biyar taswirar Afirka gare su. Na zana a allo yadda na saba, na shafa shuɗin alli a ƙasa, na ce nan Legas, nan Badagiri, wannan tekun Atlantika. Da na ɗaga hannu zan shafa na saman, allin ya karye. Wata yarinya a gaba ta ce, "Malama, ashe teku biyu ne?" Na ce biyu ne, ku kwafa.

Laraba, da magariba

Shiru.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

Na gwada. Allah shaida ne na gwada.

Baban Siddiƙa yana zaune a tabarma yana kurɓar kunu, na matsa na ce, "Malam, yaron nan kuwa…" Ya ɗago yana murmushi. "Ikon Allah. Yau wace rana, Malama da zancen ɗan fari?" Ashe Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi, kunnen nan nata da ba ya jin kiran shan magani amma yana jin motsin kiyashi. Ta ce, "Boko ya gama da ku. Mu a zamaninmu ko faɗuwa ya yi a gabanki sai dai ki kau da kai, wata ta ɗauka." Suka yi dariya su biyu.

Sai na ji bakina yana cewa, "A'a, cewa zan yi ko shi ma za a ɗinka masa shadda, tunda kowa zai yi sabon ɗinki."

Inna ta ce wannan kuwa magana ce. Yanzu ga shi an sayo shadda ruwan toka, an ce in ɗauko tsohuwar rigarsa a kai wa tela ya gwada da ita. Na shiga shagonsa na bakin zaure, rabona da shiga tun yana sakandare. Tarkacen wayoyi a kwali, takalmin ƙwallo, rigar a jikin ƙusa. Na ɗauko ta. Ban san na daɗe a ciki ba sai da Auta ta leƙo ta ce, "Umma, me kike shinshinawa?" Na ce ɓera nake ji ya mutu a ɗakin, fita.

Me ya kai bakina ga wannan kalmar? Astagfirullah.

Asabar, 19 ga Yuli, da la'asar

Labari ya gama unguwa, wai gidan Malam za su teku. Mutanen nan ko lahira ka ce za ka sai sun ba ka saƙo. Maman Abbas ce ta fara, ta shigo da jarka, wai a ɗebo mata ruwan teku, an ce in aka yayyafa a shago kasuwa tana buɗewa. Matar mai unguwa ta aiko da gora biyu, ita na ƙaiƙayin jikokinta ne. Kafin la'asar jarkoki sun fara taruwa a zaure, Auta tana bin su da alli tana rubuta sunan masu su.

Duk wadda ta shigo sai ta ce, "A gaida mutumin Badagiri." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ce oh, kunyar ɗan fari, Malama ba ta canzawa. Kawaicin nan da na yi shekaru ina yi, yau shi ne mayafina.

Tsoro nake ji. Ba irin na ɓarawo ko maciji ba, wanda za ka yi ihu a kawo ɗauki. Wannan yana zaune ne a cikina kamar na haɗiyi dutse, ina girki da shi, ina salla da shi.

Lahadi, da hantsi

Inna ta sa an yanka ɗan akuya, za ta yi dambun nama. Da kanta ta zauna tana tsattsage naman, wai mu ba mu iya ba, maigidanta ba ya son mai jijiya. Haka take kiransa, maigidana. "Ja'irin miji, ya tafi ya bar ni ba kuɗin cefane. In na je na tarar ya yi mini kishiya Bayarabiya, a cikin tekun zan tura su su biyu."

Siddiƙa ta tashi da gudu ta shige banɗaki. Na ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Inna ta tambaya me ya sa kwana biyu bai kira ta ba. Uban ya ce shi ma ya nema bai samu ba, ƙila wayarsa ce ta lalace. Ta ce uhm, ta ci gaba da tsagar nama.

Talata, 22 ga Yuli, bayan sallar asuba

Rediyon Malam tana kan taga tana labaran duniya, ina dama koko. Na ji an ce "bakin haure", na ji an ce "Bahar Rum", na ji an ce "kife". Ban san lokacin da na kai hannu na kashe ba. Ya ce lafiya? Na ce batir nake tattali.

Da na bari na ji ƙarshe, da ƙila an faɗi ƙasar da suka fito, ƙila ba namu ba ne. Da ƙila kuma… A'a. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma baki ne.

Laraba, da azahar

Na duba wayar Siddiƙa tana wanka. Saƙonnin da ta tura wa yaron nan suna nan a jere, ko ɗaya bai shiga ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Inna ta damu da maganar alwala. Wai ruwan da aka ce gishiri ne zalla, ya halatta a yi tsarki da shi, ko sai ta tafi da butarta cike daga Daura? Ta sa ɗanta ya tambayo liman. Ya dawo yana cire hula yana ba da amsa a tsakar gida, ina tankaɗe.

"Liman ya ce ruwan teku mai tsarki ne, a yi alwala ba shakka. Ya ce har abin da ya mutu a cikinsa ba mushe ba ne."

Kifi yake nufi. Na san kifi yake nufi, ni ma na yi islamiyya. Amma rariya ta kuɓuce mini, gari ya watse a ƙasa, kaji suka taru. Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Murjanatu, kin rame." Na ce aikin jarrabawar yara ne.

Lahadi, 27 ga Yuli, da la'asar sakaliya

An tafka ruwa tun azahar, tsakar gida ta cika har ƙafar turmi. Auta ta ɗauko ƙwarya ta ɗora a kan ruwan, wai jirginmu ne na zuwa teku. Tana tsintar tsakuwa tana sakawa ɗaya-ɗaya. "Wannan Inna. Wannan Baba. Wannan Umma. Wannan Yaya Siddiƙa." Ƙwaryar tana ta yin ƙasa. Ta ɗauko wani ƙaton dutse ta ce wannan babban Yaya ne, ta faɗi sunansa, ta saka. Ruwa ya shiga ta gefe, ƙwaryar ta juya ta nutse.

Na mare ta. Yarinyar da ban taɓa ɗaga wa hannu ba. Ta tsaya tana kallona, ko kukan ta kasa. Na shiga ruwan da zanina na lalubo dutsen nan, ina ta lalube kamar mahaukaciya har na same shi. Yana nan ƙarƙashin matashina yanzu. Malamar makaranta guda, da dutse a ƙarƙashin matashi.

Na ba Auta haƙuri da alewa. Ta ce, "Umma, wasa ne fa." Na ce na sani.

Talata, 29 ga Yuli, bayan magariba

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da yamma wani dattijo ya zo a kan mashin daga Sandamu, Malam Sama'ila, mahaifin Mahdi. Ashe shi Mahdi ya gaya wa uwarsa komai kafin su shiga ruwa, ita kuma ta kasa riƙewa. Dattijon ya zo jin ko mu an kira mu. A zaure suka zauna, a tsakiyar jarkokin nan. Ina bayan ƙofa, ban ji komai ba sai "Innalillahi" a bakin Baban Siddiƙa, a hankali, sau da yawa.

Da baƙon ya tafi, ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado da takalminsa.

"Malama, kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka ce za a Badagiri."

"Kika bar ni ina ciniki da direba. Kika bar ni ina sayen shadda."

"Na buɗe baki ka yi mini dariya."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa zai yi, da ma ya yi, da na samu wurin yin kuka. Sai ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba, "Ya iya ruwa kuwa?" Na ce a ina zai koya, a Daura? Mu biyu muka haife shi, ga mu a ɗaki ɗaya ba kowa, amma har muka gama maganar ba wanda ya kama sunansa.

Ya ce in ya fasa tafiya Inna za ta tambayi dalili, in an je za ta gani da idonta. Gaba kura, baya siyaki. Tuwonsa yana nan a rufe bai taɓa ba.

Alhamis, da asuba

Na ji Malam yana addu'a a sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Ni addu'ata ta ƙare, "Ya Allah" kawai nake maimaitawa.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

An ba da hutu. Na goge allo, har da taswirar da ta kwana biyu a kai.

Malam ya je ya tsuguna gaban Inna, ya ce ya yi tunani, hanyar kudu ba lafiya yanzu, ga damina, ko a ɗaga tafiyar zuwa bayan kaka. Ta ce ajali ko a kan gado yana samun mutum. Ya ce ga gwiwarta. Ta ce gwiwarta ce ba tasa ba. Ya ce ga gona, gero ya fara ciki. Ta ce, "Mainasara, in ba za ku ba, ku sa ni a mota ni kaɗai. Na yi mafarkin yaron nan yana kirana, ba zan kai kaka ban gan shi ba."

An bar tafiya a Asabar ta sama.

Asabar, da hantsi

Tela ya kawo ɗinki. Rigar ruwan tokar ta yi kyau. Inna ta shimfiɗa ta a gadonta tana shafawa, ta ce wuyan ya yi faɗi, ko da yake in ya ci dambunta zai cika ta.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Siddiƙa ta daina cin abinci, idonta ya faɗa. Na kai mata fura ɗaki na ce ta sha. Ta ture kofin.

"Umma, tun da abin nan ya faru ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ko ya kira ba."

Na ce fuskarki nake dubawa, labarin zuciya a tambayi fuska.

"Ba kya son Yaya ne?"

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na ce ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Wa yake ajiye masa ƙanzo a ƙasan tukunya ya ce ki kai masa? Da ya yi ƙyanda yana ƙarami, wa ya tsaya a bayan tagar Inna har gari ya waye, sauro na cizo, don kawai ya ji numfashinsa? Ta ce, "To shi ya sani?"

Na sake miƙa mata kofin furar.

Ta share hawaye ta ce wata rana suna hira a shagonsa ya ce mata, cikin wasa, shi fa zai so ya ji yadda sunansa yake fita a bakin Adda, ko sau ɗaya, ko da zagi ne za a haɗa. Wai suka yi dariya.

Ranar da zai tafi ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata ya ce, "Adda, zan wuce." Ina duba littattafan yara, Inna tana tsakar gida. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Haka ake yi, haka uwata ta yi wa yayana, ba wanda ya ce ta yi laifi. Amma yanzu abin da ke hana ni numfashi shi ne, in ruwan nan ya rufe shi, da wane tunani ya rufe shi a kaina?

Na rubuta. Allah ka sa ban yi mugun baki ba.

Talata, da yamma

Malam ya je Sandamu. Su ma shiru.

Alhamis, 7 ga Agusta, da la'asar

Ana ta ɗaurin kaya. Auta ta kwanta a tabarma tana wutsil-wutsil da ƙafafu, wai koyon iyo take. Siddiƙa tana jera hijabai, tana naɗewa tana warwarewa. Zailani direba ya zo ya ga jarkoki ya riƙe baki, ya ce wannan ai sai a saman bas, kuma a dawowa in an cika su ba ruwansa da taya.

Inna ta kira ni ɗakinta in taya ta zuba dambu a roba. Muna cikin yi, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wayarsa ta lalace, kuka ce?"

Na ce haka Malam ya ce.

"Mai gyaran waya. Wayarsa ta lalace duk kwanakin nan."

Na jira ta tambaye ni. Da ta tambaya da na faɗa, na rantse da na faɗa. Amma ita ma ba za ta tambayi uwa zancen ɗan fari ba, ita ce fa mai tsaron wannan ƙofar. Ta danne murfin robar da tafin hannu ta ce, "Ki sa wannan a jakata, kada a ɗora masa kaya."

Na ɗauki robar na sa mata a jakar.

Juma'a, da magariba

Gobe ne. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Malam ya ce da safe kafin a shiga mota zai gaya wa Inna, komai zai faru ya faru. Na sa maganin hawan jininta a aljihun jakata, kusa da dutsen.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi shi yadda ya zo.

Da hantsi bas ta tsaya a ƙofar gida, Zailani yana sama yana ɗaure jarkoki, maƙwabta sun fito rakiya. Inna ta fito cikin sabon leshi ta zauna a kujera 'yar tsugune a tsakar gida, jakarta a cinya. Malam ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna." Ya sake cewa, "Inna."

Sai wayar Siddiƙa ta yi ƙara.

Ta duba, ta dube ni, na ga lambar a fuskarta tun kafin ta ce komai. Ta danna abin da ke sa kowa ya ji. Muryar namiji ce, a dishe. "Mahdi ne. Mahdi na Sandamu. Wayar wani ma'aikacin agaji na ara, ba za ta daɗe ba."

Ya ce injin ya mutu musu a tsakiyar ruwa, suka yi kwanaki iska tana yawo da su ba ruwan sha. Ya ce jirgin sintiri ne ya tsince su ya mayar da su Libiya, suna tsare a wani wuri. Ya ce ba duka aka dawo ba. Malam ya ce, "Shi fa? Shi fa?" Mahdi ya ce, "Yana nan, Baba. Ga shi a kwance kusa da ni. Amma tun da aka fito da mu bai yi magana ba, ba ya cin abinci, ido kawai. Abin da ya gani a ruwan ne. Masu magani sun ce in bai fara ci ba… Na sa masa wayar a kunne, ku yi masa magana ko zai ji."

Ba wanda ya yi wa Inna bayani, ba ta kuma nema ba. Ta miƙa hannu aka ba ta wayar. "Maigidana," ta ce. "Ja'iri, ni za ka yi wa yaji? Ga dambunka na yi." Shiru, sai hayaniyar mutane can nesa. Malam ya karɓa ya ce, "Kai, babanka ne, ka ji ko?" Shiru. Siddiƙa ta yi ta kiran Yaya, Yaya, har muryarta ta shaƙe. Mahdi ya ce, "Ko ƙifta ido bai yi ba. Mai wayar yana jira."

Ina tsaye jikin turmi, na kau da kai, yadda na saba. Matan unguwa cike da tsakar gida.

Inna ta ce, "Murjanatu."

Na juyo. Ta karɓi wayar daga hannun Siddiƙa ta miƙo mini. "Ni na goya, ke kika haifa. Kira shi."

Na karɓa. Na ce, "Kai." Na ce, "Kai, yaro, Adda ce."

"Da sunansa," in ji Inna.

Na dube ta. Matar da ta ce ko faɗuwa ya yi a kau da kai. Hawaye yana bin tsagar fuskarta, ba ta share ba. Sunan da na raɗa a zuciyata sau dubu ban san ta inda ake fara shi da murya ba.

"Suhaibu."

Ya fito a karye, ni kaina da kyar na ji. Inna ta ce, "Ƙara. Da ƙarfi, akwai nisa."

"Suhaibu! Suhaibu, ni ce. Ka tashi ka ci abinci."

Na ji numfashi a wayar, mai nauyi, kamar na wanda ya taso daga ƙasan rijiya. Na ji Mahdi yana cewa ya motsa, wallahi ya motsa. Sai wata murya siririya, wadda na sani tun ranar da ta fara kuka a ɗakin uwata a Babban Mutum.

"Na'am… Umma."

Wayar ta yanke.

Har yanzu yana can. Ba mu san yadda za a fito da shi ba, ba mu san yaushe ba, tsoron bai tafi ba, ya dai matsa ya ba ni wurin numfashi. Inna ta sha maganinta ta kwanta da rigar ruwan toka a ƙirji, ta ce kada wanda ya taɓa dambun nan. Auta tana kuka an fasa teku.

Suhaibu. Ga shi na rubuta, hannuna bai ƙi ba.

Baban Suhaibu yana zaure yana mayar wa mutane jarkokinsu.